CT ko MRI: wane hoton ƙwaƙwalwa za a yi wa yaron da jikinsa ke murɗewa?

Idan yaro ya koma tafiya da tsinin ƙafa, ko hannunsa na juyewa baya duk lokacin da ya miƙa zai ɗauki cokali, ko wuyansa na karkacewa, ko yana tangaɗi alhali a da yana tsere da tsararsa, kuma abin sai gaba yake yi wata bayan wata, ƙarshenta dai likita zai rubuta takardar hoton ƙwaƙwalwa. A nan Sakkwato takardar nan kan tara mutanen gida a zaure, domin hoton iri biyu ne kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. CT ya fi araha, ya fi sauri, an fi samunsa. MRI ya fi tsada, sai an ba da rana, sau da yawa kuma sai an sa yaron barci. Uba zai kai wa yayansa takarda don neman gudummawa, yayan ya juya ta ya ce, "Wanga da wancan mi yar raba su? Ba duk hoton kai na ba? A yi mai sauƙin." Ba rowa ce ta sa shi faɗin haka ba, buhunan geron da za a fitar yake lissafawa.

Ni dai ga inda na tsaya tun da wuri. Ga yaron da ciwonsa ya taho sannu a hankali, MRI ne hoton da ya cancanci kuɗin, ko da za a ɗan jira a haɗa su. CT na da nasa fagen, kuma a can babu mai ja da shi, amma fagen ba wannan ba ne. Akwai kuma yaran da ba hoto suke bukata da farko ba, zan zo kansu.

Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan curarrun jijiyoyi, hagu da dama, waɗanda likitoci ke kira basal gangiliya. Bari mu ce musu cibiyoyin motsi. Aikinsu irin na mai riƙe da akalar raƙumi ne: ba shi ke tafiyar ba, amma shi ke hana dabbar bi ta inda ba a nufa ba. In suka samu rauni ƙarfin yaro na nan, sai dai motsin ya fita daga hannunsa, gaɓa ta murɗe, ko ta ƙandare, ko ta riƙa fizga. A ƙeya kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tsayuwa da tafiya, ita ce in ta lalace yaro ke layi. Yawancin cututtukan gado da ke ɓata motsin yara a waɗannan wurare biyu suke ɓarnarsu. Saboda haka tambayar ita ce, wace na'ura ce ke ganin waɗannan wurare da kyau?

CT hasken eksire ne da ke zagaya kai, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka. Yana rarrabe abubuwa ne da taurinsu: ƙashi ya fito fari tas, sabon jini ya fito fari, ruwa ya fito baƙi. Naman ƙwaƙwalwa kuwa duk toka-toka yake fitowa, tazarar lafiyayye da mai rauni kaɗan ce, sai ɓarnar ta yi nisa take bayyana. A ƙeya abin ya fi muni, domin kasusuwan gindin kai masu kauri suna jefa zane-zane a kan hoton. MRI ba ya amfani da eksire ko kaɗan. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske tare da igiyar rediyo, yana karanta ruwan da ke cikin nama, kuma tun da kowane sashe na ƙwaƙwalwa na da nasa rabon ruwa da kitse, sai kowanne ya fito da kamarsa. A zama ɗaya ana ɗauka iri-iri, wani salon ya nuna kumburi, wani ya nuna tabo, wani ya nuna inda sinadarin ƙarfe ya taru.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ake nema a cutar da ake taƙaita sunanta da PKAN. Ƙarfe ne ke taruwa a ɗaya daga cikin cibiyoyin motsi. Yaro kan fara da yawan faɗuwa tun bai kai shekara shida ba, daga baya ƙafafu su murɗe, harshe da muƙamuƙi su shiga, magana da haɗiya su yi wuya. A MRI wurin na fitowa baƙi da ɗigon fari a tsakiya, hagu da dama, abin da likitoci suka sa wa suna idon damisa. Likitan hoton da ya san shi yana ganinsa zai ambaci sunan cutar, tun kafin gwajin gado ya tabbatar da matsala a ƙwayar halittar PANK2, wadda aka gano a 2001. CT na iya wucewa ta kan wurin nan bai nuna wani abin kirki ba. Cutar ba ta da maganin warkewa har yanzu, kuma ba ta da yawa, mutum ɗaya zuwa uku cikin miliyan. To me sanin ya ƙara? Ya tsayar da yawon neman magani da ke cinye gona da dabbobi, ya mai da hankali kan abin da ke rage wahala, wato magungunan sassauta jijiya, gashin ƙashi da kula da ciyarwa, ya kuma sanar da iyaye abin da zai iya faruwa ga ƙanne.

Wadda ta fi sa ni nacewa a kan MRI wata ce daban. A 1998 likitoci a Saudiyya suka bayyana wata cuta a cikin iyalan da yawancinsu auren zumunci ne. Yaro na lafiya lau, sai zazzaɓi ya kama shi, ya rikice, ya kasa magana da haɗiya, jiki ya murɗe, wani har da jijjiga. A wurinmu duk wanda ya ga haka zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma a wannan cutar MRI na nuna kumburi daidai wa daida a cibiyoyin motsi na hagu da na dama, kuma maganinta bitamin biyu ne, bayotin da tayamin, da ake ba da su da yawa har tsawon rai. In an fara da wuri yaro na iya dawowa yadda yake. In an makara, tabon ya zauna. Akwai makamanciyarta, gulutarik asiduriya nau'i na ɗaya, inda jariri kan zo da babban kai, yana lafiya, sai wani zazzaɓi ko gudawa tsakanin wata uku da shekara uku ya ƙona masa cibiyoyin motsi cikin 'yan kwanaki. MRI na nuna tabon tare da wani buɗaɗɗen gurbi a gefen ƙwaƙwalwa ta wajen kunnuwa, gwajin fitsari na musamman ya tabbatar. Wanda ya riga ya kamu ba ya komawa daidai, amma ƙaninsa da za a haifa ana iya kare shi da abinci na musamman, da maganin kanitin, da gaggawar ƙarin ruwa mai sukari duk ranar da zazzaɓi ya taɓa shi. Cutar Leigh ma, mai taɓa yadda ƙwayoyin jiki ke samar da kuzari, da irin wannan tabo mai kama hagu da dama ake fara zarginta. Wani lokaci CT kan ɗan nuna duhu a wurin, amma ba ya ba da fasalin da za a rarrabe wannan da waccan, kuma a fasalin nan magani yake.

Yanzu ga inda CT ya fi. Yaro ya faɗo daga bisa ko mashin ya buge shi, ya suma ko yana amai. Yaro mai ruwa a kai da aka sa wa bututu ya fara barcin da ba na lafiya ba. Kwatsam ɓarin jiki ya mutu, ko ciwon kai mai tsanani da amai da safe ya haɗu da tangaɗi na 'yan kwanaki. A nan mintuna ake ƙirgawa, abin da ake nema jini ne ko ruwa ko ƙari mai danne ƙwaƙwalwa, kuma CT na nuna su cikin ɗan lokaci, ɗaukar kanta ba ta kai minti ɗaya ba a sababbin na'urori. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ke karɓar marasa lafiya daga Sakkwato, Kebbi, Zamfara har da maƙwabtanmu na Nijar, yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma a irin wannan yanayi likitan tiyata ba zai jira ranar MRI ba. In likita ya ce a yi CT yanzu-yanzu, a yi, ba lokacin ciniki ba ne.

Abu na biyu da CT ya fi gani shi ne inda sinadarin kalsiyam ya daskare a ƙwaƙwalwa. Wasu cututtukan gado na jarirai da shi ake gane su, haka wasu cututtukan da jariri ke ɗauka tun yana ciki, haka matsalar wani ƙaramin sashe a wuya mai daidaita kalsiyam a jini, wadda ke da magani. Amma ko a nan, yawanci MRI ne ke fara ɗaga zargi, sai likita ya nemi CT don ya tabbatar. Wannan CT ne mai amsa tambaya takamaimai, ya bambanta da wanda aka yi don kawai shi ne mai sauƙi.

Maganar hasken eksire kuwa, ana zuzuta ta a wani wuri, ana raina ta a wani. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya bi sawun yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa CT. Ƙiyasinsa shi ne, cikin hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ƙarin ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa a shekaru goman da ke biye. Wannan kaɗan ne, bai isa ya hana a ceci yaron da jini ke taruwa a kansa ba. Amma haɗarin na ƙaruwa da yawan maimaitawa, kuma yaron da ba a gano ciwonsa ba shi ne wanda ake yi wa hoto a nan, a sake a can. Sannan akwai cutar gado guda da eksire ke yi wa illa ta musamman, ataksiya-telanjiyektesiya. Yaron kan fara tangaɗi tun yana koyon tafiya, yana yawan ciwon ƙirji, bayan wasu shekaru jajayen jijiyoyi su fito a farin idonsa. Ƙwayoyin jikinsa ba sa iya gyara ɓarnar da hasken ke yi, don haka likitoci ke kauce masa da duk eksiren da bai zama dole ba. Gwajin jini mai suna AFP na taimakawa wajen gano ta. Yaro mai tangaɗin da ba a san dalilinsa ba, kenan, shi ne na ƙarshe da ya kamata a tura CT don neman araha.

Kada kuma a ɗauka MRI ba shi da nasa nauyi. Yana ɗaukar minti ashirin zuwa arba'in da biyar, kuma ana so kai ya tsaya cik, alhali ciwon yaron shi ne rashin tsayuwa. Jaririn 'yan watanni ana iya shayar da shi ya ƙoshi, a naɗe shi, ya yi barcinsa a ɗauka. Wanda ya girmi haka, musamman mai murɗewa, sai an ba shi maganin barci, wani ma sai likitan sa barci ya tsaya a kansa. Wannan ƙarin kuɗi ne da ba ya cikin farashin da aka faɗa a tagar biya, don haka a tambaya tun farko. Za a ce a hana shi abinci, yawanci awa shida ga abinci da madarar gwangwani, awa huɗu ga nonon uwa, awa biyu ga ruwa zalla, amma a bi abin da ma'aikatan wurin suka ce. In yana mura ko tari a faɗa, gara a ɗaga ranar. In yana shaƙewa wajen haɗiya a faɗa. In kuma likita na zargin ɗaya daga cikin cututtukan nan da zazzaɓi ke tayarwa, doguwar yunwa kanta haɗari ce gare shi, sai a nemi a sa shi a farkon layi ko a ɗaura masa ruwa.

A ƙofar ɗakin akwai abin da iyaye mata ba sa tsammani. Ma'aikaciya za ta durƙusa ta laluba yaron daga wuya zuwa ƙugu. "Inna, a kwance mai layun ga, da kambun hannu. In da kwalli a ido a goge." Kaka kan ɗan yi turus, domin layar nan tun ranar suna take wuyansa. Ba raini ba ne. Maganaɗisun ba a kashe shi ko da ba a ɗauka, yana fizgar allura, makulli, fil ɗin mayafi, har tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe, kuma ba a san abin da aka ɗinke cikin fatar laya ba. Kwalli kuma na iya ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke dagula hoton wajen ido. Uwar da za ta shiga da shi ita ma sai ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta bar waya a waje. Ciki da sanyi, na'urar kuma na buga ƙara mai tsanani, shi ya sa ake toshe wa yaro kunne. Duk wani ƙarfe ko na'ura da aka taɓa sa masa a jiki ta hanyar tiyata, a faɗa kafin a shiga. Allurar da ke ƙara hasken hoto ba kullum ake bukatarta ba a wannan bincike. In za a yi, akan duba lafiyar ƙoda.

Sannan MRI suna suka tara. Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla. Mai tesla 1.5 shi ne wanda aka fi dogara da shi a irin wannan aiki, akwai mai 3 a wasu manyan wurare, akwai kuma ƙanana masu ƙasa da rabin tesla, waɗanda ke da amfani ga ciwon baya da gwiwa amma ba sa nuna taruwar ƙarfe sosai. Ba laifi ba ne uba ya tambaya, "Ranka shi daɗe, injin ku tesla nawa ne?" Na'ura kuma a ko'ina takan tsaya, wani lokacin wuta, wani lokacin kayan gyara, don haka kafin a ɗauko yaro daga Illela ko Tambuwal ko Argungu, a sa wani ɗan'uwa da ke cikin gari ya je ya tabbatar tana aiki kuma akwai mai sa barci a ranar. In ta kama sai an fita, akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da Abuja, amma tafiyar yini ce da yaro marar lafiya ta hanyar Gusau, ga kuɗin mota da masauki, ga halin da hanyar ke ciki. Duk a sa su cikin lissafi kafin a ce wannan ya fi wancan tsada.

Mai karanta hoton ma rabin aikin ne. Takardar da aka rubuta mata "ciwon jiki" kawai ba za ta sa a ɗauki salon da ke nuna ƙarfe ba. A roƙi likitan yara ya rubuta abin da yake zargi, da shekarun da ciwon ya fara, da ko iyaye dangi ne. Ƙwaƙwalwar yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba ta gama ƙosawa ba, kamanninta a MRI na sauyawa wata-wata, kuma wanda ya saba da hoton manya zai iya ɗaukar daidai a matsayin cuta, ko cuta a matsayin daidai. Shi ya sa nake cewa kada a bar wurin da takardar sakamako da fim kaɗai. A nemi faifan CD ko a zuba a filashi. Da shi wani ƙwararre a wani gari zai sake dubawa ba tare da an sake sa yaro barci ba, da shi kuma za a gwada in an sake hoto bayan shekara biyu.

To, an sayar da rago, an yi MRI, sakamako ya ce ƙwaƙwalwa lafiya lau. A nan gidaje da yawa ke juya wa asibiti baya, a ce ai ga shi na'ura ma ba ta ga komai ba, iska ce ko sammu. Addu'a ba ta hana komawa wajen likita, kuma wannan sakamako shi ne ya fi cancantar a koma da shi da sauri, domin wasu daga cikin cututtukan da suka fi jin magani ba sa barin alama a hoto. Babban misali cutar Segawa, mai sunan likitan Japan da ya bayyana ta a shekarun 1970. Ta fi kama 'ya'ya mata. Yarinya ta tashi da safe tana tafiya kusan daidai, ta je makarantar allo da ƙafarta, kafin la'asar ƙafa ta murɗe ciki, da magariba sai an goya ta, in ta yi barci ta farka da sauƙi. Ana yawan rubuta mata CP, wato raunin ƙwaƙwalwa na lokacin haihuwa, a tura ta gashi shekara da shekaru. Matsalarta ƙarancin sinadarin dofamin ne a ƙwaƙwalwa, kuma ƙaramin awo na lebodofa, maganin da ake ba tsofaffi masu cutar rawar jiki ta Parkinson, na iya tayar da ita cikin kwanaki ko makonni. Saboda haka likitoci da yawa kan gwada wannan magani ga yaron da ke murɗewa ba a san dalili ba. Gwajin na likita ne, ba na mai kemis ba. Akwai kuma cutar da sukari ba ya shiga ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, wadda motsin yaro ke rikicewa in yana jin yunwa ko ya gaji. Hotonta yawanci lafiya, da ɗiban ruwan baya ake gano ta, kuma da abinci na musamman mai yawan mai ake sarrafa ta.

Wannan ya kawo mu ga yaran da na ce ba hoto ne farkonsu ba. Cututtukan gadon nan ba su da yawa. A ƙasarmu abin da ya fi murɗe yara shi ne doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, da ciwon shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da abin da sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai suka bari. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 2017, muka kuma ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ba sai an tuna mana ba. Yaron da ya yi rawaya jawur yana jariri, yanzu ba ya ji sosai kuma ba ya iya ɗaga ido sama, labarinsa ya riga ya faɗi yawancin abin da hoto zai faɗa. Yaron da wuyansa ya murɗe ido ya kafe sama kwana ɗaya bayan an ba shi maganin amai irin su metokulofuramaid, maganin ne, kuma da an daina an yi masa allurar da ke warware shi, shi ke nan. Yarinya 'yar shekara biyar zuwa sha biyar da ta fara fizge-fizge da zubar da kwano wasu makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro, zuciyarta ce ke bukatar hoto, tare da allurar fenisilin ta dogon lokaci. Matashin da hannunsa ke rawa, miyau na zuba, rubutunsa ya lalace, ko ya taɓa ciwon hanta, a fara kai shi sashen ido. Cutar Wilson, da aka bayyana a 1912, taruwar jan ƙarfe ce a hanta da ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana da wani zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido da fitilar likitan ido ke nunawa. Gwajin jini da na fitsarin yini guda su ƙarasa, kuma tana da magani. Jaririn da maɗigarsa ba ta rufe ba ana iya leƙa kansa da na'urar da ake duba masu ciki, babu eksire babu barci, ta nuna ruwa ko babban jini, ko da yake ba ta kai ga abin da muke nema a nan. In ana shakkar farfaɗiya ce, gwajin wayoyin da ake manna wa fatar kai, EEG, shi ke amsawa, ba hoto ba.

Abin da ya fi duk waɗannan araha yana aljihu. A ɗauki bidiyon yaron da waya, yana tafiya, yana cin abinci, da safe da kuma yamma, jiki duka a fili ba cikin zane ba. Yara kan ƙi motsi a gaban likita, kuma minti biyu na bidiyo kan sauya abin da za a rubuta a takardar hoto.

Wasu kan tambaya ko a tsallake hoto a tafi kai tsaye gwajin ƙwayoyin gado. Shi ne ke ba da sunan ƙarshe, gaskiya, amma yawanci sai an aika jinin waje, kuɗinsa ya fi na MRI, sakamako na ɗaukar makonni, kuma yakan dawo da abin da ba a iya fassarawa sai an haɗa shi da hoto da abin da likita ya gani. MRI ne ke nuna inda za a dosa. Inda gwajin gado ya fi amfani shi ne gidan da yara biyu suka kamu da abu iri ɗaya, ko aka rasa wani da irin ciwon. Yawancin cututtukan nan gadonsu irin na sikila ne: uwa da uba lafiya lau, kowanne na ɗauke da rabi, kowane ciki kuma na da kaso ɗaya cikin huɗu na haɗa biyun. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar, shi ya sa likita ke tambaya, ba don ya ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba daga ɗakin uwa kaɗai abin ya fito ba kamar yadda akan yi mata gori. Ta Segawa kuwa yawanci daga ɓangare ɗaya ake gadonta, ko da babu dangantaka tsakanin ma'aurata.

In kuɗin hannu na abu ɗaya ne tak, a faɗa wa likita haka ƙarara, da adadinsu. A tambaye shi abu biyu: me kake nema a hoton, kuma in an jira wata guda a haɗa kuɗin MRI akwai abin da zai lalace? In ya ce akwai, a yi abin da ya ce a ranar. In ya ce babu, kada a kashe rabin kuɗin a CT don hankali ya kwanta, domin sau da yawa sakamakonsa kan ƙare ne da shawarar a yi MRI, an biya biyu kenan. Mai inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya je ofishinsu da takardar ya ji ko suna ɗaukar wani kaso kafin ya biya daga aljihu, a kuma nemi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Kafin ranar ta zo a ci gaba da gashi, a yi gwaje-gwajen jini da na ido da likita ya rubuta, a tara katunan asibiti na baya da sunayen duk magungunan da yaron ya sha, na asibiti da na gida, a je da su tare da wadda ta san yadda haihuwarsa da makonsa na farko suka kasance.